Sharhi a kan jinyar gida da sashen sassauta raɗaɗi ya yi wa mahaifinmu

Wata biyar da 'yan kwanaki ma'aikatan sashen sassauta raɗaɗi na wani asibiti a nan Kano suka yi suna zuwa gidanmu duba mahaifinmu, bayan an shaida mana cewa ciwon dajin da ya faro masa daga mafitsara ya bazu zuwa ƙashin baya da na ƙugu, har zuwa asubar da Allah ya karɓi ransa a cikin ɗakinsa. Wannan rubutu sharhi ne a kan aikin da suka yi mana, da abin da na yaba da abin da ya ɓata mini rai, kuma na yi shi ne domin waɗanda ke jinyar iyayensu yanzu su san akwai irin wannan hidima, su kuma san abin da za su tambaya kafin su karɓe ta. Ba zan ambaci sunan asibitin ba, domin a cikin bayanina akwai ƙorafi, kuma mafi yawansa ba laifin mutanen da suka riƙa shigowa gidanmu ba ne.

Ga wanda bai taɓa jin labarinsa ba, aikin wannan sashe ba warkar da ciwo ba ne. Aikinsa shi ne kula da majinyacin da ciwonsa ya wuce magani, ta yadda zai ƙarasa sauran kwanakinsa ba cikin azaba ba, da hankalinsa da mutuncinsa, kuma idan hali ya yi, a gidansa. Wata 'yar Ingila mai suna Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta zama likita, ita ce ta kafa tsarin a sigarsa ta zamani lokacin da ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, kuma ita ce ta dage a kan cewa raɗaɗin mai ciwon ajali ba a jiki kaɗai yake ba, akwai na zuciya, da na tunanin iyali, da na tsoron abin da mutum zai je ya tarar. A Najeriya asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashe na musamman domin wannan aiki a 2007, sannan a 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin da ke kiran ƙasashe su sanya shi cikin tsarin lafiyarsu na yau da kullum. Duk da wannan, mu ba mu san da shi ba sai da Baba ya shafe kusan shekara guda muna yawo da shi daga wannan likita zuwa wancan.

Wannan shi ne ƙorafina na farko. Babu likita ɗaya a cikin waɗanda suka riƙa rubuta mana gwaji da hoto da ya ce mana mu je sashen, alhali yana cikin harabar asibitin da muke zuwa. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ga yadda Baba yake cije baki a kan keken marasa lafiya, ta ja ni gefe ta kwatanta mini ƙofar. Da an tura mu tun farko, da an rage wa dattijon watanni na wahalar da babu dalilinta, domin sassauta raɗaɗi ba ya jiran sai an yanke ƙauna daga magani, ana iya tafiya da su biyun tare.

Buɗe kati bai ba mu wahala ba. Bayan ganin farko a asibiti, suka fara zuwa gida sau ɗaya a mako, likita mace mai matsakaicin shekaru wadda Hausa harshenta ne, da ma'aikatan jinya biyu, mace da namiji, wani lokaci kuma da jami'ar walwala. Mu ke biyan kuɗin magani da na man mota. Baba ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ba shi da inshorar lafiya, saboda haka komai daga aljihu ya fito, amma duk abin da muka kashe a wata guda na jinyar gida bai kai abin da muka taɓa kashewa a mako biyu na kwanciya a asibiti ba. Abin da ya fi cin kuɗi ma ba maganin raɗaɗin ba ne, ƙunzugun manya ne da auduga da safar hannu da kayan wanke gyambo.

Kafin zuwansu, turamadol da allurar kyamis muke ba shi duk lokacin da ciwon ya taso, kuma mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya don wahala ba ya kai ga yin kuka cikin dare har maƙwabta suna ji. A ranar farko likitar ta zauna a kan tabarma kusa da gadonsa, ta ɗaga yatsunta biyar ta ce ya nuna mata yawan raɗaɗin da yatsu, ya ɗaga biyar ɗin gaba ɗaya. Ta rubuta masa wani maganin raɗaɗi mai ƙarfi, mofin na ruwa, wanda ake aunawa da sirinji marar allura a zuba a baki, duk bayan awa huɗu, dare da rana, ta kuma yi mana bayanin da babu wanda ya taɓa yi mana, cewa irin wannan raɗaɗi ba a jiransa ya taso sannan a bi shi da magani, da agogo ake bayarwa domin a tare shi tun bai iso ba. Ta haɗa masa da maganin sassauta ciki tun daga ranar, domin mofin yana ƙulle ciki ga kusan duk mai shansa, ta kuma gargaɗe mu cewa zai yi barci da yawa, wataƙila da tashin zuciya, a kwanakin farko, sannan abin ya lafa. Haka kuwa aka yi. Cikin mako guda yatsu biyar suka koma ɗaya, Baba ya nemi a kunna masa rediyo.

Mu 'ya'yansa mun ji tsoron maganin, kuma tsoron yana da tushe, domin duk wanda ya zauna a Kano ya ga abin da kodin ya yi wa matasa da matan aure kafin gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Likitar ba ta raina tsoron namu ba, ta bambanta mana tsakanin mai shan ƙwaya don maye da majinyacin da ake auna wa magani daidai da raɗaɗinsa. Shi kuwa Baba tsoronsa daban ne, kuma shi ya fi nauyi. Ya ce mata, "Likita, ni ba mutuwa nake tsoro ba. Tsorona kada maganinki ya tafi da hankalina, mai zuwa ya zo ya tarar ban iya kalmar shahada ba." Ta ce, "Baba, jiya da ciwon ya taso, ka iya yin lazimi?" Ya ce bai iya ba, ko Fatiha bai iya haɗawa ba. Ta ce, "To, da kaɗan za mu fara, kai za ka riƙa gaya mana inda ya ishe ka. Duk ranar da ka ga barcin ya fi ƙarfinka, ka faɗa a rage." Ta cika wannan alkawari, domin sau biyu ya ce a rage masa na rana don yana son ganawa da baƙi, aka rage. A nan ne ya amince da ita, kuma a ganina ba don wannan amincewa ba, da zaman da ya biyo baya bai yiwu ba.

Wannan zama shi ne abin da ya fi komai daraja a cikin duk hidimar, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. A mako na uku likitar ta tara mu a zaure ta tambaye mu ko Baba ya san matsayin ciwonsa. Muka ce bai sani ba, kuma Yaya ya roƙe ta kada ta gaya masa, don kada zuciyarsa ta karye. Ta ce ba za ta ɗora masa labarin da bai nema ba, amma idan ya tambaye ta ba za ta yi masa ƙarya ba, domin ciwon nasa ne, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba majinyaci haƙƙin a sanar da shi halin da yake ciki da harshen da yake ji, da haƙƙin ya ƙi maganin da ba ya so. Ran Yaya ya ɓaci, ni ma a lokacin ina ganin ta yi mana katsalandan cikin sha'anin gida.

Da muka shiga ɗakin, da Umma da Amarya da Baffa ƙanin Baba da mu manyan 'ya'ya, ba ta faɗi komai game da sakamakon hoto ba. Tambaya ɗaya ta yi, ta ce, "Baba, kai me ka fahimta game da wannan ciwo?" Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Na riga su sani. Tun ranar da suka dawo da takardar na gani a fuskokinsu. Sau uku ina ɗauko maganar, su ce Allah ya kiyaye, zan tashi. Sai na bar su, don kada in tayar musu da hankali." Gaskiya ya faɗa, domin ni ne na katse shi a ɗaya daga cikin ukun. Wata biyu ke nan muna ɓoye masa abin da ya sani don tausayinsa, shi kuma yana ɓoye mana cewa ya sani don tausayinmu, yana kwana shi kaɗai da tunanin bashi da marayu da kabari, ba shi da wanda zai gaya wa a cikin gida mai mutum fiye da ashirin.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa haka ke faruwa da mu. Mu mutane ne da ba ma rabuwa da zancen mutuwa, muna cewa rigar kowa ce, muna bin jana'iza kusan kowane mako, muna jin hadisin da ya ce a yawaita tuna mai yanke jin daɗi. Amma mutuwar da muke ambato ta kowa da kowa ce, ba ta wannan dattijo da ke kwance a gabanmu ba. Da zarar zancen ya sauka a kan mutum ɗaya mai suna, sai ya zama mugun baki, ɗan da ya ɗauko shi kuma a ce idonsa na kan gado, musamman a gidan da ke da ɗaki fiye da ɗaya. Ga kuma kunya, domin Yaya ɗan fari ne wanda Baba bai taɓa kiran sunansa ba, ba a yi tsammanin su zauna su yi irin wannan magana ido da ido ba. Shi ya sa bare mai ilimin ciwon, wanda ba shi da rabo a gado kuma babu kunya tsakaninsa da kowa, ya iya buɗe ƙofar da mu na gida muka kasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma mu sai da wani ya zo daga waje ya nuna mana cewa ranar ta yi.

Abu na farko da aka warware shi ne tafiya Masar. Yaya ya riga ya sami mai sayen gidan haya guda ɗaya da Baba ya mallaka, domin a fita da shi. Likitar ta faɗi abin da za a iya yi masa a can da abin da ba za a iya ba: ana iya gasa ƙashin a rage raɗaɗi, amma ciwon da ya bazu haka ba zai warke ba, kuma doguwar tafiya da ƙashin bayan da ciwo ya ci tana da haɗarinta. Ba ta ce a je ba, ba ta ce kada a je ba, ta juya ga mai ciwon. Baba ya ce, "Kada a sayar da gidan yara a kai ni in mutu a hannun waɗanda ba su san sunana ba." Yana nufin ƙannenmu uku 'ya'yan Amarya da ke firamare. Na tabbata da ba a tambaye shi ba, da mun sayar da gidan mun kai shi, muna ganin biyayya muka yi masa.

Daga nan ta shiga tambayoyin da suka fi wuya, kuma ta yi su a hankali, ɗaya bayan ɗaya: idan numfashi ya yi nauyi, yana so a kai shi asibiti a sa masa na'ura, ko a bar shi a gida a sassauta masa, idan zuciya ta tsaya, a danna ƙirji a yi ƙoƙarin tayar da ita ko a'a, bayan ta bayyana cewa ga mai irin ciwonsa hakan da wuya ya yi amfani kuma yana iya karya haƙarƙari, idan kuma ya kasa magana, wa zai yanke shawara a madadinsa. Ya zaɓi gida, ya ce kada a danna masa ƙirji, ya kuma naɗa Baffa, domin kada wani ɗaki ya ga an fifita wani. Baffa, wanda almajirin ilimi ne, ya tsaya a kan tambayar ko barin magani ba ya cikin jefa kai ga halaka. A nan na ga giɓi a tsarin nasu, domin ba su da malamin da suke aiki da shi, kuma likitar ta ce wannan ba fanninta ba ne. Baffa ya ɗauki kwana biyu yana bincike da tuntuɓar malamansa, ya dawo da natsuwa cewa gaggauta mutuwa haramun ne babu saɓani, amma barin abin da likitoci suka tabbatar ba zai amfana ba wani abu ne daban. Ya kawo hadisin matar nan mai farfaɗiya da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri, ta zaɓi haƙuri. Ya kuma ambaci hukuncin da majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a Amman a 1986, wanda ya halatta cire na'ura daga wanda likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki gaba ɗaya. Hukuncin bai shafi halin Baba kai tsaye ba, amma ya nuna masa cewa malamai ba su ɗauki na'ura a matsayin farilla a kowane hali ba. Ba kowane gida ke da irin Baffa ba, kuma sashen da ke aiki a gari kamar Kano ya kamata ya tanadi malami, da kuma limamin coci ga Kiristoci, wanda ya fahimci waɗannan mas'aloli.

Wasiyya ba ta cikin aikinsu, amma tambayar da jami'ar walwala ta yi ce ta jawo ta, lokacin da ta ce, "Baba, akwai abin da kake son ka kammala?" Ya ce a ɗauko masa littafin bashi daga shago. Mako biyu muka yi, awa ɗaya kowace safiya bayan ya sha magani, ina karantawa yana gyarawa, Baffa da limamin unguwa suna shaida. A nan muka ji bashin dilolin atamfa da ake binsa wanda ba a rubuta ba, da ajiyar kuɗin wani abokin cinikinsa na Damagaram da ta shekara a hannunsa babu wanda ya sani a gidan, da mutum huɗu da ya ce ya yafe musu abin da yake binsu. Hadisin Ibn Umar da ke cikin Buhari da Muslim ya ce bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba, ayoyin gado na Suratun Nisa'i kuma sun maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi. Duk mun san wannan, amma da Baba ya rasu wata biyu kafin nan, da mun raba kuɗin mutumin Damagaram a matsayin gado. Ya yi wasiyya daga cikin sulusi ga 'ya'yan ɗan'uwanmu da ya riga shi rasuwa, waɗanda ba su da gado tun da akwai 'ya'ya maza a raye. Ya so ya ba Amarya sashen da take zaune, Baffa ya tuna masa cewa ita magajiya ce, babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran, kuma kyautar mai ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Wannan ya dame shi, ya ce da ya sani da ya yi tun yana da lafiya. Ya roƙe mu a gabansa, muka amsa, muka kuma tabbatar bayan rasuwarsa.

Yanzu ga abin da ya fi ɓata mini rai. Duk shawarwarin da aka yanke an rubuta su ne da Turanci a cikin fayil ɗinsu, ba a ba mu ko kwafi ba. Wani dare robar fitsarin Baba ta toshe, mararsa ta kumbura, muka yi ta kiran lambar da suka ba mu ba a ɗauka ba, domin wayar tana hannun mutum ɗaya ne wanda shi ma yana buƙatar barci. Muka kai shi sashen gaggawa, inda babu wanda ya san da wani tsari. Suka canza robar, wanda shi ne abin da muka je nema, amma suka hana mu ba shi mofin ɗin da muka zo da shi, suka ɗaura masa ruwa, suka rubuta sababbin gwaje-gwaje, ya kwana biyu yana ɗaga yatsu biyar. Bayan mun dawo na zauna na rubuta shafi ɗaya da Hausa da Turanci, mai ɗauke da sunan ciwon da ma'aunin maganin da abin da Baba ya zaɓa da sunan wakilinsa, likitar ta sa hannu, muka liƙa kwafi a bayan ƙofa. Wannan takarda su ya kamata su ba mu tun ranar zaman, ba sai mun sha wahala mun ƙirƙiro ta ba. Haka kuma ma'aikacin jinya namiji ɗaya ne tak, Baba kuwa ba ya yarda mace ta taɓa robar, saboda haka duk lokacin da ya tafi hutu sai a jira.

Sau biyu kuma mofin ya yanke a ɗakin maganin asibitin, ɗaya har kwana shida. Magani ne da hukuma ke tsare da shi, ba a samunsa a kyamis, kuma wanda jikinsa ya saba da shi ba a yanke masa kwatsam. Likitar ta yi ta buga waya har ta samo mana a wani asibiti, amma wannan ƙoƙarin mutum ɗaya ne, ba tsari ba. Abin takaicin shi ne maganin ba mai tsada ba ne, gari ne ake damawa da ruwa. A Yuganda, inda likita Anne Merriman ta kafa gidan jinyar masu ciwon ajali a 1993, a cikin ƙasar ake haɗa shi a ba majinyata kyauta, kuma tun 2004 aka yarda ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman su rubuta shi, domin ya isa ƙauyukan da babu likita. Babu abin da ke cikin wannan da ya fi ƙarfin jihohinmu.

Horon da suka ba masu jinya a gida ya yi kyau ƙwarai. Sun koya mana juya shi duk bayan awa biyu don gudun gyambon kwanciya, da sa matashi tsakanin gwiwoyi, da canza zanin gado ba tare da an ɗaga shi ba, da goge baki da auduga mai laima. Ma'aikacin jinyar ne ma ya ba da shawarar a juya gadon ta yadda idan ya kwanta a gefen dama zai fuskanci alƙibla, a kuma ajiye masa dutsen taimama kusa da hannu, domin ya ci gaba da sallarsa a kwance. A wata biyar gyambo ɗaya ne ya fito masa, shi ma ƙarami.

Kimanin kwana goma kafin rasuwarsa likitar ta sake tara mu ta gaya mana abin da za mu gani: zai rage ci har ya daina, barci zai ƙaru, hannu da ƙafa za su yi sanyi, numfashi zai riƙa tsayawa yana dawowa, kuma za a iya jin ƙara a maƙogwaro wadda ta fi damun mai saurare fiye da mai yin ta. Umma ce ta fi shan wahalar maganar abinci, domin shekara arba'in da wani abu tana dafa masa, a wurinta barinsa babu ci daidai yake da yasar da shi, ta kuma nemi a ɗaura masa ruwa. Ma'aikaciyar jinyar ta zauna da ita a ɗakinta ta ce, "Hajiya, ba don ya daina ci zai tafi ba, don tafiyar ta zo ne ya daina ci." Ta bayyana mata cewa ɗura yana iya shaƙe shi, ƙarin ruwa kuma a wannan mataki yana iya taruwa a ƙirji ya ƙara masa nauyin numfashi, ta ba ta aikin jiƙa masa leɓe da zamzam da ɗan zuma. Umma ta riƙe wannan aiki ba ta bar wa kowa ba. Saboda an gaya mana tun da wuri, da alamun suka zo babu wanda ya ruga neman mota. Bayan magariba ta ƙarshe Baffa ya yi kalmar shahada a hankali kusa da kunnensa, ba tare da ya ce masa ya faɗa ba, Baba ya maimaita ta a fili, kuma bai ƙara wata magana ba har ya cika kafin kiran assalatu. Kamar yadda ya yi wasiyya, ba a jira kowa daga nesa ba, kuma ba a ci bashi don zaman makoki ba.

Ina ba duk wanda ke da tsoho mai ciwon da ya wuce magani shawarar ya nemi irin wannan sashe da kansa, kada ya jira a tura shi, ya kuma tambaya tun ranar farko wa zai ɗauki waya da dare, me za a yi idan magani ya yanke, ko akwai ma'aikacin jinya na jinsin majinyacin, sannan ya dage a ba shi abin da aka yanke a rubuce da harshen da mutanen gidan ke karantawa. Ya kuma nemi a yi zaman iyali da wuri, tun majinyacin yana da ƙarfin magana, domin namu da an ƙara jinkirta shi da wata biyu, da littafin bashin bai karantu ba.

A rana ta huɗu likitar da ma'aikatan jinyar biyu suka zo ta'aziyya. Suka auna ragowar mofin ɗin a gabana, na sa hannu suka tafi da shi, suka kuma ba ni takardar da muka yi amfani da ita wajen karɓar shaidar mutuwa, wadda banki da kotu suka nema daga baya. Kafin su fita Umma ta aiko a kira mata ma'aikaciyar jinyar, suka daɗe a ɗaki. Bayan Umma ta fita takaba ta ce in sayo littafi mai bango mai ƙarfi in zo da shi ranar Juma'a tare da Baffa, domin akwai adashin da take riƙe wa matan unguwa da sarƙar wata ƙawarta da ke ajiye a wurinta, kuma tana so ta faɗi wanda zai yi magana a madadinta idan ta kasa.